Kotson Tubali a Fadar Isa: Tarihin Makaɗa Ibrahim Narambaɗa

A shekarar 1938 Allah ya yi wa Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu rasuwa. Cikin 'ya'yan gidan sarautar da aka ambata a neman gadon akwai Abubakar, wanda yake riƙe da sarautar Sardauna a lokacin, da Ahmadu na Raba, da kuma wani Ahmadun, Sarkin Gobir na Isa. Ranar 17 ga Yuni aka ba Abubakar, ya kuwa zauna a gadon shekara hamsin, har 1988. Ahmadu na Raba ya karɓi sarautar Sardauna, daga baya siyasa ta kai shi Firimiyan Jihar Arewa. Shi kuwa Amadu na Isa ya ci gaba da zama hakimi a gabashin ƙasar Sakkwato, yana tara haraji da jangali yana aikawa baitulmali, har ƙarshen ransa. Da girman kujera kaɗai ake auna suna, da yau sai masu tonon tsofaffin takardun En'e ne za su san da shi. Amma ka ambaci Sarkin Gobir Amadu a Kano ko Maraɗi ko zangon Kumasi, da wuya ka rasa dattijon da zai gyara zama ya ce ya san shi, alhali bai taɓa taka Isa ba. A bakin makaɗinsa ya san shi, Ibrahim Narambaɗa.

Isa da Sabon Birni da Shinkafi suna zaune ne a kwarin da gulaben Bunsuru da Gagare suke haɗuwa su zama Rima, gulbin Maraɗi kuma ya sauko daga arewa ya same su. Ƙasa ce ta fadama da gero da dawaki. A nan Gobirawa suka kafa birnin Alƙalawa a ƙarni na 18, a nan Bawa Jangwarzo ya yi mulkin da har gobe ake ba da labarinsa, a nan kuma mayaƙan jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello suka ci birnin a 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya faɗi. Gobirawa ba su miƙa wuya ba. Aka ci gaba da gwabzawa har yaƙin Gawakuke na 1836, wanda bayansa suka ja arewa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya wani reshe na gidan, ƙarƙashin Ɗanhalima, ya dawo ya kafa Sabon Birni daf da kangon Alƙalawa. Ita kuwa Isa ribaɗi ce, sansanin tsaron iyaka da zuriyar Bello suka riƙe don su sa wa Gobir ido, kuma mai riƙe da ita ya ɗauki sunan sarautar waɗanda aka ci da yaƙi. Ta haka aka wayi gari da Sarkin Gobir a Tsibiri, da Sarkin Gobir a Sabon Birni, da Sarkin Gobir a Isa. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Ingila da Faransa suka ja layin iyaka a tsakiyar ƙasar, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Isa da Sabon Birni suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'en Sakkwato.

Wannan tarihi ya yi tasiri a kan waƙa fiye da yadda ake tsammani. Shehu Usmanu, a littafinsa Kitabul Farƙ, ya lissafa shagaltuwa da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan da ya yaƙa, ƙanensa Abdullahi ma ya koka da ya ga jama'a na komawa ga abin da aka baro. Duk da haka, kafin ƙarni na 19 ya ƙare, fadojin jikokinsu sun cika da tambura da algaita da kotso. Zuwan Turawa ya ƙara wa makaɗi daraja ta wata hanya da ba su nufa ba. An hana yaƙi, an karɓe takobi, ɗan sarki ba shi da sauran fagen fama da zai nuna ko shi wane ne. Abin da ya rage masa shi ne dokin da yake hawa, da rigar da yake sawa, da kyautar da yake yi, da bakin da zai kai labarinsa inda ƙafarsa ba ta je ba. Basaraken da yake amsa sunan sarautar da wasu gidaje biyu ma suke amsawa, kuma yake hangen gadon Sakkwato, ya fi kowa bukatar irin wannan baki.

An haifi Ibrahim a Tubali, ƙauye ne a ƙasar Isa ta wancan zamani, a ƙarshen ƙarni na 19. Masu ba da tarihinsa sun ce mahaifinsa Maidangwale daga Filinge ya fito, can ƙasar Kurfai a Nijar ta yau, mahaifiyarsa kuma Riba mutuniyar Badarawa ce. Ta wajen uwa kiɗa ya zo masa, don gidan su Riba gidan kotso ne, kuma ana cewa kotson kakansa ne ya fara ɗauka. Laƙabin da ya danne sunansa na yanka kuwa, an ce daga wata karya da ya taɓa kiwo ne, mai suna Rambaɗa. Yaro ne na ƙauye, jinin Kurfai da na Zamfara, a ƙasar Gobir, ƙarƙashin sarautar Fulani. Hausar da ya tashi da ita, wadda ya yi dukkan waƙoƙinsa da ita, Hausar yamma ce mai kauri, irin wadda Bakano kan nemi a maimaita masa kafin ya kama.

Da kiɗan noma ya fara, kuma ina ganin ba a ba wannan mataki haƙƙinsa a tarihinsa. Makaɗin noma yana aiki ne a gona ranar gayya, rana na dukan ƙeya, samari sun jeru kowa da kunyarsa. Dole kiɗansa ya dace da saukar hauya. In ya yi sauri ya karya maza tun hantsi, in ya yi sanyi aiki ya mutu. Dole ya san kowane manomi da uban da ya haife shi da kirarin gidansu, ya san wanda ke gaba da wanda aka bari a baya, ya san kalmar da zai jefa wa na bayan ta sa shi ya zabura ba tare da ta zama zagin da za a kai ƙara ba. Sakamakon aikinsa a fili yake, ko gona ta ƙare ko ba ta ƙare ba. Wanda ya yi shekaru a wannan makaranta ya koyi zuga da habaici da auna numfashin jama'a kafin ya taɓa tsugunawa gaban sarki. Yawan maganar gona da damina da gulbi da dabbobin daji da ke cikin waƙoƙinsa na fada daga nan suka biyo shi.

Kotso kuwa ganga ce ta sarauta. Itace ake sassaƙawa mai siririn ƙugu kamar kalangu, sai dai baki ɗaya ake rufewa da fata, ɗaya bakin a bar shi buɗe. Ana rataya shi a kafaɗa, a matse tsarkiyarsa a ƙarƙashin hammata, a buga da yatsu da tafin hannu, ba da sanda ba. In an matse murya ta hau, in an sassauta ta sauka, kuma tun da Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kotso yana iya faɗin take, mai kunne ya ji sunan wanda ake kira tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Muryarsa ba ta da kaifin kalangu. Tana da taushi da zurfi, tana barin wuri ga magana. Wannan ne ya sa ya dace da zauren sarki, inda ake so a ji kowace kalma, kuma shi ne ya ba Narambaɗa damar cusa dogayen maganganu a waƙa ba tare da kiɗa ya haɗiye su ba.

Daga gona ya shiga fadar Isa, kuma tauraronsa ya haska sosai a zamanin Amadu, wanda ya hau sarautar a 1935. Zama makaɗin fada alkawari ne mai ɓangare biyu. Ubangida ya ɗauki ci da sha da sutura da muhallin makaɗi da na yaransa, ya ba shi doki da riga da rawani da hatsi a lokacin da ya dace. Shi kuma makaɗi ya zama na ubangidansa shi kaɗai, ba ya kai kiɗansa wata fada sai da izini, kuma duk wanda zai yi wa waƙa sai ya kasance abokin arzikin gidan. Yana nan ranar hawan salla, yana nan ranar naɗi, yana nan in an fita rangadi ko an yi babban baƙo. Ba bara yake yi ba, ko da yake mutane da yawa sun kasa bambance makaɗin fada da maroƙin titi. Ma'aikacin gidan sarauta ne, mai riƙe da tarihin zuriya a kansa, wanda in ya yi kuskure a jerin kakanni gaban jama'a ya jawo abin kunya ga gidan duka.

Abin da nake so a tsaya a kansa shi ne yadda waƙarsa take a ginuwa, domin an daɗe ana yabon Narambaɗa a matsayin mai hikimar magana, har aka manta cewa shugaban ƙungiyar kiɗa ne, mai tsara sauti da muryoyi. Duk wanda ya saurari faifansa da kunnen basira zai lura ba mutum ɗaya ke waƙar ba. Akwai gindin waƙa, wanda ake komawa gare shi bayan kowane ɗa. Akwai jagora, shi Narambaɗa, mai ɗauko ɗan waƙa. Sai 'yan amshi, waɗanda su ne kuma masu kotsunan, irin su Ɗangaladima da yake yawan kira da suna a tsakiyar waƙa kamar mai neman shaida. Aikinsu ya wuce maimaita gindi. Sau da yawa jagora zai fara magana ya sake ta a rabi, su cafe su ƙarasa. Wani lokaci su yi masa rakiya, muryarsu na bin tasa. Wani lokaci su ƙara nasu a kan abin da ya faɗa, ko su yi ta karɓeɓeniya, shi ya ba su, su ba shi, har a iso gindi tare a kan bugu ɗaya. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara wa waɗannan dabaru sunaye a nazarinsa na waƙoƙin makaɗan fada, irin su ƙari da rakiya da karɓeɓeniya da bayayyeniya, kuma a ƙungiyoyin kotso da taushi na ƙasar Sakkwato da Zamfara ne aka fi jin su a cike.

Mutum huɗu ko biyar ba za su ƙarasa maka jimla da baki ɗaya, da kalma ɗaya, a kan kiɗa ɗaya ba, sai in sun san ta tun daga gida. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa waƙar Narambaɗa shiryayya ce. Ana zama a ƙulla ta, a raba wa kowa inda zai shiga, a bita har ta zauna, sannan a kai ta fada. Duka wannan ba takarda ba alƙalami, a ka ake riƙe shi, waƙa bayan waƙa, shekara da shekaru. A nan ya sha bamban da Mamman Shata, wanda baiwarsa ita ce ƙirƙira nan take, 'yan amshinsa na riƙe da gajeren amshi guda shi kuma yana yawo a kansa yadda ya ga dama. Dukansu gwanaye ne, amma aikin ba iri ɗaya ba ne. Shata kogi ne mai ambaliya, Narambaɗa kuwa magini ne da ke aza tubali a kan tubali. Kuma shirin bai hana shi sakewa ba. Yana da wuraren da ya bar wa kansa a buɗe, inda zai dubi wanda ya shigo zaure ya saka shi a waƙa, ko ya amsa kyautar da sanƙira ya shelanta, sannan ya ja ƙungiyar su koma kan hanya ba tare da an ji ɗinki ba.

Akwai kuma sarrafa lokaci, wanda shi ne abin da ya fi kama ni a waƙoƙinsa. Ba ya gaggawa. Yakan ja ɗan waƙa ya yi tsawo, ya jera hoto bayan hoto, mai sauraro na jiran inda za a sauka, kotsuna na tafiya a ƙasa ba su ɗaga murya ba. Sai ya jinkirta saukar da taki ɗaya fiye da yadda kunne ya zata, sannan ya sake ta, ƙungiya ta faɗo kan gindi gaba ɗaya. Daɗin da mutum ke ji a wannan gaɓa daga jiran ya fito, kuma jiran da gangan aka gina shi. Muryarsa ba ta zaƙi ba ce irin ta masu waƙar soyayya. Murya ce ta dattijo mai ba da umarni, wadda ke fita a sarari a kan amon kotso, kuma ya san inda zai ɗaga ta da inda zai mai da ita kamar hira.

Maganar da ke cikin waƙoƙin ita ce ta sa malamai suka ɗauke shi masanin falsafa. Yabon sarki ne a sama, amma a ƙarƙashinsa akwai tunani a kan rabo da ƙaddara, da yadda zamani ke ɗaga wani ya sauke wani, da haƙuri, da bambancin mai gado da mai shisshigi. Yakan ɗauko giwa da zaki da kada da gulbi ya auna ubangidansa da su, ya ɗauko ƙananan dabbobi ya auna magabta. Yakan ƙera magana ta fito da siffar karin magana, har yau mutane na faɗin wasu maganganunsa suna zaton tsofaffin karin magana ne da ba su da mai su. A Bakandamiyarsa, wadda ya yi wa Sarkin Gobir Amadu, ya haɗa yabon sarki da yabon kansa, ya ɗauki sana'arsa a matsayin ilimi mai zurfi da ake koyo kamar yadda almajiri ke koyon karatu. Ba alfahari ne na banza ba. A ƙasar malamai, inda ake kallon makaɗi a ƙasan tsani, mutum ya tsaya gaban jikan Bello ya ce abin da ke kansa shi ma sani ne, wannan magana ce mai nauyi, kuma waƙar da kanta ta tabbatar da ita.

Zambo da habaici su ne ɗaya gefen aikin, kuma su ne suka sa ake tsoronsa. Kowace sarauta tana da 'yan'uwa masu jiran gado, da fadawa masu fuska biyu, da maƙwabta masu hassada. Sarki ba ya buɗe baki ya tanka musu, girmansa ya hana. Makaɗi ne ke tankawa. Narambaɗa ba ya kama suna. Zai siffanta tafiyar mutum, ko rowarsa, ko yadda rawani ke zama a kansa, ko yadda yake rawar jiki in an ambaci sarauta, har duk wanda ke Isa ya gane da wa ake, amma wanda aka yi dominsa ba shi da abin kai wa alƙali, don in ya yi ƙara ya amsa ke nan. Mu da muke saurare yau mun rasa rabin wannan daɗi, tun da ba mu san fuskokin ba. Abin da ya rage mana shi ne gwanintar zanen, wadda ta isa ta sa mu dariya a kan mutumin da ya rasu tun kafin a haife mu. Ta ɗaya ɓangaren kuma, in aka tuna da 1938, sai yawan ambaton Shehu da Bello da jerin kakanni a waƙoƙin Amadu ya ƙara ma'ana. Makaɗin yana tuna wa duniya cewa mai Isa ɗan gidan ne, ya cancanci abin da ya fi Isa, kuma jinkiri ba ya nufin an rufe ƙofa.

Cikin waƙoƙinsa da suka fi yawo akwai wadda ya yi wa doki, Dokin Iska Ɗanhilinge. A wurin mutanen wannan kwari doki dukiya ne da daraja da tarihin yaƙi, kuma da yaƙi ya ƙare sai sukuwa ta gaje shi, sarakuna da attajirai na gwada dawakinsu a fili. Narambaɗa ya ɗauki dabba ya yi mata irin yabon da ake yi wa basarake, da kirari da zuga da zambon abokan karawa. Abin lura ga mai sha'awar kiɗa shi ne yadda tafiyar waƙar ta bambanta da ta waƙoƙin zaure. An sassaƙa ta ne a kan gudu, amshi na dawowa da sauri, har mai sauraro ya ji kamar yana bakin fili. Mai tsara sauti ne kaɗai ke sanin cewa abin da ake yabo shi ke zaɓar wa waƙa takunta.

Bai tsaya a Isa kaɗai ba. Da yardar ubangidansa ya yi wa masu sarauta da alƙalai na maƙwabta waƙa, irin su Magajin Shinkafi, sunansa kuma ya bi hanyar fatake da ta jirgin ƙasa, wanda ya iso Ƙauran Namoda a 1929 ya haɗa wannan yanki da Gusau da Zariya. Zamaninsa zamanin manya ne. Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi da taushinsa, Aliyu Ɗandawo na ƙasar Kabi da Yawuri, Ibrahim Gurso na Mafara, ga gidan su Musa Ɗanƙwairo a Maradun, ga Sa'idu Faru na tasowa. A cikin waɗannan, da yawa sun fi shi babban ubangida, wasu sun fi shi tsawon rai a zamanin rediyo. Duk da haka in masana waƙar fada suka zauna jera gwanaye, da wuya sunan makaɗin hakimin Isa ya sauka daga sahun farko.

Ya rasu a farkon shekarun 1960, daidai lokacin da Najeriya ke karɓar mulkin kai, rediyo kuma ke shiga kowane zaure. Allah ya sa na'urar ɗaukar magana ta riske shi da ransa, aka ɗauki wani kaso na waƙoƙinsa. Gidajen rediyo na Kaduna da Sakkwato suka yi ta sa su, masu kaset suka yi ta kwafa suna sayarwa a tasha da kasuwa, yau kuma suna yawo a wayoyin hannu. Abin da ya iso gare mu muryar dattijo ce a ƙarshen aikinsa. Waƙoƙin noma na ƙuruciya da mafi yawan abin da ya rera a zauren Isa cikin shekaru masu yawa sun tafi da waɗanda suka ji su. Amadu ya rayu bayan makaɗinsa har 1975. Shekara guda bayan haka, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa karɓe ikon da ya rage a hannun hakimai, gidajen da ke iya ɗaukar nauyin ƙungiyar makaɗa dungurungum suka yi ta raguwa. A 1996 aka yanki Jihar Zamfara daga Sakkwato, Tubali da Badarawa suka bi Shinkafi zuwa Zamfara, Isa ta zauna a Sakkwato, har jihohin biyu kowace na iya cewa nata ne.

Aikin da Narambaɗa ya yi wa ƙungiyarsa shi ne wanda masana'antar fim ke kira aikin daraktan kiɗa, wato mai ƙirƙiro karin waƙa, ya raba wa muryoyi da kayan kiɗa aikinsu, ya auna inda za a tashi da inda za a sauka. Ƙasashe da dama sun yi fama da tambayar inda wannan mutum zai samo karinsa. A Siri Lanka, fim na farko da harshen Sinhala, Kadawunu Poronduwa na 1947, a kudancin Indiya aka shirya shi, kuma shekaru bayansa waƙoƙin finafinansu kwaikwayon karin Hindi da Tamil ne aka ɗora wa kalmomin gida. Sai da irin su Sunil Santha, wanda ya yi waƙoƙin fim ɗin Rekava na 1956, da Amaradeva, da Premasiri Khemadasa suka juya ga waƙoƙin ƙauye da gangunan ƙasarsu, sannan kiɗan fim ɗinsu ya samu fuskarsa. Mu ma mun bi rabin wannan hanya. Finafinan Indiya sun cika silimun Kano da Kaduna da Gusau shekara da shekaru, kuma da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai fiyano ta zama uwar kiɗa, karin Indiya ya zama abin aro na farko. Ba na raina abin da yaran situdiyo suka yi, don sun gina masana'anta da hannu wofi, wasunsu kuma sun koma ga salon fada suna yi wa sarakuna waƙa. Amma abin da suka fi ɗauka daga su Narambaɗa kirari ne da kalmomin sarauta. Ginin muryoyin nan, inda mutum biyar ke numfashi tare suna miƙa wa juna magana, bai shiga situdiyo ba, domin a can mawaƙi ɗaya ne ke rera amshinsa da kansa a jera a kwamfuta, gangar da ke cikin fiyano kuma ba ta da tsarkiyar da za a matse ta yi magana.

Malaman jami'a sun yi masa hidima gwargwado. Bayan aikin Gusau, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya fitar da littafi sukutum a kansa a 2009, Jami'ar Bayero ta Kano kuma ta shirya babban taro a kan waƙoƙinsa a 2019. An rubuta matanin waƙoƙin, an yi sharhin salo da hikima da Hausarsa. Ɓangaren kiɗan ne har yanzu yake jiran mai shi: wane kotso ke riƙe taki, wane ke magana, a ina 'yan amshi ke shiga, me ya sa suke shiga a nan. Masu iya amsa wannan tsofaffin makaɗan kotso ne na Isa da Shinkafi da Maradun da ƙauyukansu, kuma yankin nan ne 'yan bindiga suka addaba a 'yan shekarun nan, garuruwa da dama na ƙasar Isa da Sabon Birni suka watse, mutanensu suka yi gudun hijira, wasu har cikin Jihar Maraɗi. Duk ɗalibin da zai yi wannan aiki sai ya bi su inda suke, da faifan Narambaɗa a aljihu da na'urar ɗaukar magana, ya sa musu waƙar su nuna masa da hannunsu yadda aka kaɗa ta.